Ranar da Na Sa Aka Goge Sunan Yayana

Shekara goma sha biyu ke nan da muka kai yayana Ummaru makwancinsa a Kebbe, amma har yau in na ji ma'aikaci ya ce wa ɗan'uwansa, "Ba ni lambarka in shiga," sai gabana ya faɗi.

Yaya ya fara aikin akawu ne tun zamanin da kuɗin mai suka buɗe, a wani kamfanin sayen amfanin gona a Tambuwal. A lokacin makullin akwatin kuɗi ne amanarsa, a zariyar wando yake ɗaure shi. Da kwamfuta ta zo ya riga ya yi furfura, amma ya dage ya koya. Aka yanka wa kowa iyakarsa a cikinta: wani ya shigar da biya, wani ya duba, shi kaɗai ke da izinin amincewa kuɗi su fita. Lambar sirrinsa ko matarsa ba ta sani ba. Mukan tsokane shi cewa ko a magagin barci ba zai faɗe ta ba.

Sai ciwo ya kwantar da shi a gida, Sallah ta ƙarato, albashin ma'aikata ya maƙale. Mataimakinsa ya biyo hanyar Kebbe a babur ya zo roƙon lambar, ina zaune a gefen tabarmar. Yaya ya jawo shi ya raɗa masa ita a kunne. Ya ce, "In anka gama biya, ka ce ma manaja shi rufe ta. Amana ta na ba ka." Bayan Sallah da kwanaki Allah ya karɓi abinsa.

Ba a rufe ba. Ba mugunta ce ta hana manajan ba, kunya ce. Daga baya ya ce mini, "Malam, ƙaƙa za ni goge sunan mutum tun matatai na cikin takaba?" Takaba ta ƙare, aka manta. Lambar ta bi hannu, duk mai gaggawa sai ya shiga da sunan Baba Ummaru. Da masu bincike suka zo daga hedikwata suka tarar da biyan da ba na gaskiya ba, sunansa suka gani a kan kowanne, su kuwa ba su ma san ya rasu ba.

Kafin a gwada ranakun biyan da ranar jana'iza, magana ta riga ta shiga kasuwa. An wanke shi a takarda, amma wa ya karanta takardar? Mutumin da ya yi musu limanci a masallacin ofis ya koma abin raɗa. Matarsa ta daina zuwa suna da biki. Wannan ya ƙona mini rai, kuma har gobe ban huce ba.

Ni na tafi Tambuwal na tsaya a kan manajan, na ce ba zan fita ba sai ya goge. Ya danna, sunan ya ɓace daga allon. Na yi kukan da ban yi ba a maƙabarta.

Nakan tambayi kaina me Yaya zai ce da ya ga yau, dattijo na miƙa wa mai cire kuɗi katinsa yana faɗin lambar da ƙarfi a bainar jama'a. Ina jin zai kawar da kai ne kawai. Mu mutanen kara ne, muna ganin ɓoye lamba rowa ce, rufe ƙofar mamaci kuma rashin ɗa'a.

Yaya bai bar gidan sama ba, suna ya bari, shi ma sai da aka taɓa. 'Yarsa ta fari yanzu akanta ce a Sakkwato. Ranar da ta kama aiki ta kira ni ta ce, "Baffa, na faɗa musu, ranar da duk na mutu su rufe tawa kafin a yi mini wanka."

Allah ya jiƙan Yaya, ya wanke shi a inda ba a shiga da sunan wani.