Ranar da Aka Yaba wa Falmata

Cikin shekarun da na yi ina riƙe da alli, akwai wata Asabar da har yau ta ƙi fita raina. Ranar ce aka yaba wa wata ɗalibata a gaban mahaifinta, yabon ya zama sanadin barinta makaranta. Ku da kuka shigo aikin nan kwanan nan ku saurara, don abin da ya jawo haka shi ake koya muku yanzu a kwaleji.

Lokacin ni ce malamar aji shida a wata firamare a Yerimaram. Aji shida ajin fita ne, kuma duk wanda ya taɓa riƙe shi ya san abin da ke gabansa: jarrabawar shiga ƙaramar sakandare. Yaron da bai zauna ta ba, yawanci bokonsa ya tsaya ke nan.

A farkon zango na biyu aka tura ni wani taron bita tare da hedimastanmu, Malam Idi. Matar da ta koyar da mu ta yi bayanin ra'ayin wani masani ɗan Amurka, cewa basira ba iri ɗaya ba ce. Akwai ta harshe da ta lissafi, waɗanda su kaɗai muke aunawa a jarrabawa. Akwai ta ido, wato gane sura da iya zane. Akwai ta kunne, ta sarrafa jiki, ta iya zama da mutane, ta sanin kai, har da ta fahimtar dabbobi da tsirrai. Ta nanata mana cewa kowane yaro yana da rabonsa a cikin dukkansu, wata ce dai ke rinjaye, kuma aikin malami ya bi ta wadda ta rinjaya ya kai yaron inda yake da rauni. Wallahi maganar ta shige ni. Ina zaune ina tuno fuskokin yaran da na sha yi wa tsawa a kan jadawalin sau.

Malam Idi mutumin kirki ne, ba zan ci namansa ba. Amma in ya ji sabon abu, jikinsa har rawa yake yi. Muna dawowa ya tara malamai ya ce a raba 'yan aji shida rukuni-rukuni. Masu harshe da lissafi su riƙa tsayawa lesin bayan an tashi, su za a shirya wa jarrabawa sosai. Masu ido su zana mana hotunan koyarwa na bango, masu jiki su tafi filin wasa, haka dai kowa da inda aka aje shi.

Ni kuma kun san ba na iya haɗiye magana. Na ce, "Ranka ya daɗe, matar nan fa ba haka ta ce ba."

Ya ce, "Malama Asabe, tare muka zauna a wurin. Ni ma kunnena biyu."

A aikinmu malamin aji ba ya soke umarnin hedimasta. Iyakarsa ya faɗi nasa a taron malamai, ya koma ajinsa. Na faɗi nawa, na yi ta tsaki har gida.

Falmata 'yar wani mai sayar da hatsi ce, Alhaji Modu, asalinsu mutanen Borno ne, suna zaune a Dogo Tebo. Yarinya ce shiru-shiru. Hausarta da karin Barebari take fita, yara kan kwaikwaye ta, shi ya sa ta daina ɗaga hannu a aji. Lissafi kuwa kullum jan biro. Amma ba ta alli ku ga abin mamaki. Mahaifiyarta ɗinkin hula take yi, Falmata ce ke zana mata adon a kan farin ƙyalle kafin a sa allura. Nan take aka saka ta cikin masu ido, aka cire ta daga lesin.

Tunda an hana ni ita da yamma, sai na riƙa tsayar da ita lokacin tara. Na zana mata gefen hula a allo na ce ta raba shi gida huɗu daidai, yadda ado zai haɗu. Ta raba kafin in rufe baki. Na ce ta cike gida uku. Ta cike. Na rubuta uku bisa huɗu a ƙasa. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Malama, dama shi ke nan?" Bayan 'yan makonni tana haɗa irin wannan lissafi, in dai an bar ta ta fara zanawa. A hankali take tafiya, amma tana tafiya, kuma na sa rai za ta ci jarrabawar.

Sai ga taron iyaye da malamai ranar Asabar ɗin nan. Malam Idi ya zagaya da iyaye yana nuna musu zanen zuciya da taswirar Nijeriya da Falmata ta zana a bango. Ya kira Falmata gaba, ya dubi mahaifinta ya ce, "Alhaji, daga yau ka daina damuwa da sifilin da take kawo maka. Masana sun gano kowa da irin basirar da Allah ya yi shi da ita. Tata ta ido da hannu ce, ba ta lissafi ba." Aka yi tafi. Falmata ta rufe fuska da hijabi tana murmushi, murmushin da ban taɓa gani a fuskarta ba. Alhaji Modu ya gyaɗa kai, ya yi godiya.

Litinin ba ta zo ba, Talata ma haka. Ƙa'ida ita ce ka tambayi yaran unguwarsu, ka sanar da ofis, sannan ka bi sawu. Yaran suka ce lafiyarta ƙalau, ɗinki take yi. Ranar Alhamis ana tashi na hau keke zuwa Dogo Tebo, raina a ɓace, na shirya faɗa.

Alhaji Modu ya karɓe ni da mutunci, aka shimfiɗa mini tabarma a tsakar gida. Bayan gaisuwa na ce, "Alhaji, saura kaɗan jarrabawa. Me ya yi zafi haka?"

Ya ce, "Malama, babu abin da ya yi zafi. Tun tana aji ɗaya take kawo mini sifili, kin taɓa jin na cire ta? Cewa nake rashin ƙoƙari ne, ƙoƙari kuwa yana iya zuwa. To yanzu shugabanku ya ce halittarta ce haka. Ni wane ne zan ja da halitta? Gara ta kama abin da aka yi ta dominsa tun da wuri."

Duk faɗan da na ɗauko ya zube. Mutumin nan ba ƙin boko yake yi ba, maganarmu ya yarda da ita. Na yi masa bayani iya iyawata, na faɗa masa abin da muke yi lokacin tara. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Ga ta nan. In ta ce za ta koma, ni da kaina zan kai ta gobe."

Aka kira ta. Ta durƙusa a gefen tabarma, ƙyalle da biro a hannunta. Na ce, "Falmata, ke da kika fara gane lissafi, yanzu za ki bar ni?"

Ta sunkuyar da kai ta ce, "Malama, da zane nake ganewa, a jarrabawa kuma ba za a bar ni in yi ta zane ba. Tun da na shiga makaranta, ranar Asabar ce kaɗai aka ce ina da basira. In na koma na faɗi, daƙiƙiya za a sake ce mini."

Na ce mata za a bar ta, ana ba kowa takardar gwaji ya yi zanensa a kai kafin ya rubuta amsa. Na lallashe ta har na gaji. Ta tashi da ƙyallenta ta koma ɗaki.

Da na faɗa wa Malam Idi washegari, jikinsa ya yi sanyi. A ranar ya rushe rukunan, ya mayar da kowa lesin, ya kuma je gidan da ƙafarsa ya janye maganarsa. Alhaji Modu ya sake cewa zaɓi nata ne. Falmata ba ta dawo ba. Aka yi jarrabawa babu ita, kuma abin yana ci mini rai har gobe.

Ban daina aiki da wannan ra'ayi ba, kada ku ce na ce ku yar da shi. Da shi na koya wa yara da yawa karatu ta hanyar waƙa, na koya wa wasu lissafi da tsalle a tsakar aji. Abin da na koya shi ne mutanenmu suna ɗaukar maganar malami da nauyin da mu kanmu ba ma ba ta. In ka ce yaro bai yi ƙoƙari ba, iyayensa za su jira. In ka ce haka aka halicce shi, ka yanke hukunci ke nan, shi ma yaron zai yarda da kai. Ku faɗa wa yaro abin da ya iya, ku faɗa da ƙarfi a gaban kowa. Amma kada bakinku ya kuskura ya faɗa masa abin da ba a yi shi dominsa ba, don ba ku sani ba, ni ma ban sani ba.