Shirun da Almakashi Ya Yanke

Tun yana gidan rediyo ake ce masa Almakashi, zamanin da ake yanka zaren kaset da reza a sake liƙe shi. Shekara ashirin da biyu ya yi a wani ɗan ɗaki marar taga yana gyara maganar manyan mutane. In babba ya yi tari, shi ke cire tarin. In malami ya yi in'ina, shi ke miƙe masa harshe. Ba wanda ya taɓa jin muryarsa a rediyo, bai kuma damu ba. Abin tinƙahonsa guda ne: duk shirin da ya bi ta hannunsa, ba za ka ji shirun da ya wuce numfashi ɗaya ba. Matarsa takan ce ko a gida haka yake, in ta tsaya tunani a tsakiyar magana sai ya ƙarasa mata, kuma yawanci ba abin da take nufi yake ƙarasawa ba.

Da aka rage ma'aikata, ƙanin matar tasa ne ya jawo shi. Lauya ne, bakinsa ba ya gajiya, ya kuma buɗe shirin murya nasa na kansa a intanet, irin wanda ake ce wa fodkas. Ba gwamnati a bayansu, ba jam'iyya, ba ubangida. Kowane mako sukan zauna kan siyasa da shari'a da addini da tarbiyya, ra'ayinsu kuma ba a ɓoye yake ba: a riƙe gida, a riƙe kunya, a girmama na gaba, doka ta zama doka. Almakashi ya yarda da wannan har cikin ransa, ba don aiki kawai ba. Shi dai ƙorafinsa ɗaya, Lauya na son kalmar “wato” fiye da kima, har yakan cire masa sittin a shiri guda.

A ɗakin ajiya na bayan ofishin Lauya suke ɗauka. Sun manna kwalayen ƙwai a bango, sun jingina tsohuwar katifa a taga, kuma dole a kashe fanka in za a fara, don haka kowane baƙo sai ya jiƙe da gumi. Bango ɗaya ne tsakaninsu da mai walda.

To, ga inda gwaninta ta cuci gwani. A fuskar kwamfuta magana tudu-tudu take fitowa, shiru kuwa layi ne a miƙe. Almakashi ya daɗe da daina sa abin ji a kunne don neman shiru. Da ido yake yanka. Ya ga layi ya miƙe, ya datse, ya jefa cikin wata jaka da ya sa wa suna “shara”, ya wuce gaba. Har baƙi yake kira su zo su ga saurin hannunsa.

Kawunsa, wan mahaifiyarsa, shi ya riƙe shi tun rasuwar uba. Tsohon alƙali ne, dogo, mai jinkirin amsa. In ka tambaye shi ƙarfe nawa sai ya ɗan yi nazari tukuna. Sau biyu Lauya ya roƙe shi ya zo shirin, sau biyu ya ƙi. Ana nan sai ga shi da kansa ya aiko cewa zai zo. Ba wanda ya tambaye shi abin da ya sauya masa ra'ayi, murna ta hana.

Da hantsi aka fara ɗauka. Ana cikin magana kan masu cewa hukunci ya yi tsauri, sai mai walda ya kunna injinsa. Almakashi ya bar na'ura na tafiya, ya fita ya ba shi haƙuri. Mai walda mutum ne mai son hira, sai da aka gaisa, aka tambayi iyali, sannan ya kashe. Da Almakashi ya dawo ya tarar da Kawu yana share fuska da hankici, ya ɗauka zafin ɗakin ne.

Washegari wajen gyara ya iso inda Lauya ya tambaya, “Ranka ya daɗe, a shekara talatin da kuka yi a kan kujera, akwai hukuncin da kuka yi nadamarsa?” Bayan tambayar sai layi ya miƙe, ya yi ta tafiya, daƙiƙa hamsin da biyu cur. Almakashi ya yi murmushi, ya ce a ransa, Kawu ke nan. Ya datse. Abin da ya fita wa duniya shi ne tambayar, sannan nan take muryar tsoho, a tsaye, ba ko ɗar: “Doka dai doka ce.”

Mutane suka so wannan amsa. Aka yi ta tura ta waya zuwa waya, ana cewa ga alƙalan da, waɗanda ba sa rawar jiki. Lauya ya ji daɗi har ya sa aka mayar da ita mabuɗin kowane shiri.

Kawu ba ya hulɗa da irin waɗannan wayoyi, tasa ta kira ce kawai. Da Almakashi ya je gaishe shi, sai Kawu ya tambaya, “Ya fita?”

“Ya fita, Kawu. Sai yabonku ake yi.”

“Yabo?” Tsohon ya dube shi. “Duka aka sa?”

“Duka.”

Bai ji ya yi ƙarya ba, don a wurinsa shiru ba ya cikin lissafin magana.

Daga ranar Kawu ya tsiri wani abu. Kullum bayan la'asar sai ya sa riga mai guga, ya sa a fito masa da kujera biyu baranda, ya zauna a ɗaya, ya bar ɗayar. Matar Kawu ta ce ko mai kawo ruwa ne ya taɓa ƙofa sai ya gyara zama. Mako uku ana haka, rannan ya ce wa Almakashi, “Ɗana, har yau iyalin direban nan ba su aiko ba. Ko zagi ne ai da sun aiko. Na san ’yarsa na kunna shirinku a shagon ɗinkinta, can bayan tasha, uwar kuma na zaune a bakin ƙofa tana ji. Na taɓa wucewa na ji muryar Lauya, shi ya sa na zo. Ko dai ba su ji ba?”

Almakashi bai san wane direba ba, amma ya san akwai wuri ɗaya tak da zance zai iya ɓacewa a hannunsa. Ya ce, “Za su ji, Kawu,” ya yi sallama, ya nufi ofis ko takalminsa bai gama sawa ba.

Ya buɗe “shara”, ya nemo guntun, ya sa abin ji a kunne, ya ƙure ƙara. Da farko sai huci. Can sai ƙarar kujera, alamar mutum ya jingina baya, ya yi nesa da makirufo. Sannan murya ƙasa-ƙasa, tana rawa.

“Akwai wani direba. Na ɗaure shi shekara bakwai kan ya kaɗe mutum. Ba shi ke tuƙin ba, ɗan mai motar ne. Daga baya na sani, na kuma yi shiru don kada a ce na yi kuskure. A shekara ta huɗu ya rasu a ciki. Matarsa na da rai. In tana ji, ina roƙonta ta yafe mini.”

Sai muryar Lauya, “Ranka ya daɗe?” Kujera ta sake ƙara, tsoho ya matso, ya tattara kansa ya ce doka dai doka ce.

Sau uku Almakashi ya saurara. Mutumin da ya ciyar da shi, ya sa shi makaranta, ya ɗauki shekaru yana tara ƙarfin faɗin magana ɗaya, shi kuma ya share ta da yatsa guda yana murmushi.

Ya kira Lauya ya jiyar da shi. Lauya ya dafe kai. “Wallahi Yaya, na ga bakinsa na motsi, na ɗauka tasbihi yake. Amma mu ɗan dakata. In muka sake shi yanzu, cewa za a yi mun ɓoye da gangan, ka kuwa san masu jiran mu faɗi. Bari mu tsara shiri na musamman.”

Da sauƙi a ɗora wa Lauya laifin abin da ya biyo baya, amma ba nasa ba ne. Guntun na cikin wayar Almakashi tun ranar. Shagon kuma ba nisa, mota ɗaya ce. Abin da ya riƙe ƙafarsa bai wuce wannan ba: zai tsaya gaban mutane ya ce shi, Almakashi, ya yanka bai saurara ba. Sau biyu ya je har bakin layin. Ya hango tsohuwa a kan kujerar roba da matashi a bayanta, tana tsinke zare daga wata riga, ya ce gobe. Ya daina zuwa gaida Kawu, ya ce aiki ya yi yawa. Abinci ya daina shigarsa. Matarsa ta tambaye shi abin da ke damunsa, ta tsaya tana jiran amsa, karon farko bai ƙarasa wa kowa magana ba.

A rana ta goma sha shida ya shiga shagon. Keken ɗinki uku, biyu a rufe da ƙyalle. Mace ɗaya ce a ciki, ta kai shekara arba'in, da abin awo rataye a wuya. Kujerar roba na nan a bakin ƙofa da matashinta, ba kowa a kai.

Ya gaishe ta, ya faɗi ko shi wane ne. Fuskarta ta rufe.

“Mun daina jin shirinku, Malam.”

“Na sani, ban kuma ga laifinku ba. Minti ɗaya nake roƙo.”

Ya miƙa mata wayar da abin ji. Ta saurara a tsaye. Da ya ƙare ta mayar da shi farko, wannan karon ta zauna a kan kujerar keke. Ba ta yi kuka ba. Ta cire abin jin ta naɗe igiyar a yatsa.

“Me ya hana wannan fita?”

“Ni na yanke. Na ga kamar shiru ne, ban saurara ba.”

“Shekara biyu Inna na jin shirinku,” in ji ta. “Tana son yadda kuke magana kan tarbiyya. Ranar da aka ce wannan alƙalin zai zo, ta sa na tsayar da keke. Da ta ji amsarsa sai ta ce, ‘Ashe ko tunawa ba ya yi. Kashe.’ Ba ta ƙara tayar da zancen ba.”

“Ina take? In da hali in jiyar da ita da kaina.”

Matar ta dubi kujerar roba. “Yau kwananta tara da rasuwa.”

Almakashi ya yi salati, ya dafa teburin yanka.

“Yaushe ka gano?” ta tambaya.

Ya san yadda ake yi. Zai iya cewa jiya, ko shekaranjiya, a datse mako biyu, ba wanda zai ji wurin ɗinkin. Aikinsa ke nan tun yana saurayi. Amma sai ya ce:

“Yau kwana goma sha shida.”

Ta daɗe tana kallonsa, yana ganin tana cire tara daga goma sha shida a ranta.

“Kai ne mai hular nan da ya tsaya a bakin layi,” in ji ta. “Inna ta ce kamar mai neman wani gida, in je in tambaye ka. Ina kan ɗinki, ban tashi ba.”

Sai ta ƙara da cewa:

“Ba a shagona alƙalin ya faɗa ba, a gaban jama'a ya faɗa, can za ka mayar da shi. Nawa haƙƙin zan yi tunani a kai. Nata kuwa ba ya hannuna. Ka je ka gaya masa da bakinka, kada ka rage komai.”

Daga nan ofis ya wuce. Bai nemi shawarar Lauya ba, ya dai gaya masa abin da zai yi. Ya cire tsohon mabuɗin, ya sa tambayar da daƙiƙa hamsin da biyun nan yadda suke, da hucin da ƙarar kujerar, ya saki.

La'asar ta yi sanyi lokacin da ya isa gidan Kawu. Tsohon na baranda cikin riga mai guga, ɗaya kujerar na gefensa. Almakashi bai zauna a kai ba, ya durƙusa a ƙasa. Ya faɗi komai a jere: mai walda, layin da ya miƙe, “duka” ɗin da ya ce, kwana goma sha shida, kwana tara.

Kawu ya yi shiru. Shirun ya yi tsawo, ya wuce duk wanda Almakashi ya taɓa yankewa, shi kuma ya tsaya a cikinsa, kansa a ƙasa, yana fatan a zage shi.

Can tsohon ya ce, “Ni ma haka na yi ta cewa gobe.” Ya ɗora hannu a kan kujerar da ba kowa, ya ɗan shafa ta. “Tashi, ɗana. Ɗauke wannan ka mayar ciki.”

Kujerar ba ta da nauyi, amma sai da ya sa hannu biyu.