Agogon da Baba Ya Tura Gaba da Minti Biyar

Duk unguwarmu babu mai kiran Baba da sunansa, Minti Biyar ake ce masa. Shekara arba'in da 'yan kai yana gyaran agogo a wani ɗan shago tsakanin mai gyaran takalmi da mai yankan makulli, kuma duk agogon da ya bi ta hannunsa sai ya fito yana gaba da minti biyar. Ka yi faɗa, ka yi magiya, sai ya ce maka shi bai taɓa ganin wanda zuwa da wuri ya cuta ba. Mu 'ya'yansa haka muka tashi, kullum mu ne a tsaye bakin ƙofar makaranta tun ba a buɗe ba.

A tashar jirgin ƙasa ya samo wannan hali, a wani ɗan gari mai tafiyar awa ɗaya da rabi daga nan. Can ya fara aiki yana saurayi, shi ke wana babban agogon tashar duk Litinin. Wata rana ya ga wata tsohuwa ta biyo jirgi a guje da ƙullin kayanta, jirgin ya tafi ya bar ta tana kuka. Daga ranar ya tura agogon gaba, bai gaya wa kowa ba. To, agogon nan shi ne na cikin tsohuwar waƙar da iyayenmu mata ke bi in an sako ta a rediyo, wadda mawaƙin ke ƙorafin agogon tasha ya sace masa minti biyar na hira da masoyiyarsa, ya sa ta shige jirgi tun lokaci bai yi ba. Duk sanda aka sa waƙar, Baba sai ya ajiye abin da ke hannunsa ya nuna ƙirjinsa, wai shi ne ɓarawon.

Idonsa na hagu ya mutu tun bara waccan. Na dama kuma ya yi ta raguwa, da rana yana ganin dishi-dishi, rana na sunkuyawa shi ke nan. Likita bai ɓoye mana ba: in aka bar idon zai tafi, in aka yi aiki yana iya gyaruwa, yana kuma iya tafiya a ranar gaba ɗaya. Aka sa mana Laraba, ƙarfe bakwai na safe. Ranar Talata bayan la'asar ta kawo kai, ina haɗa masa jaka, sai Baba ya ce babu wanda zai taɓa masa ido sai ya ga agogon tasha tukuna.

Ni ce autarsa, kuma kowa ya san ba ni da haƙuri. Na ce wata uku muna jiran ranar nan, sai yau zai tuna da agogo? Sai ya sa hularsa ya zauna bakin gado ya harɗe hannu. Na san zaman nan. In ya yi shi, ko motar ɗaukar kaya aka kawo ba ta ɗaga shi. Ya ƙara da cewa wani ya shaida masa jirgi ya daina bi ta can, an kewaye tashar ana ajiyar siminti, mai gadi yana sa kwaɗo ƙarfe shida daidai. Na duba waya, huɗu saura minti goma.

Akwalar maigidana na ɗauka, wadda bai yi wata biyu da saye ba. Tun kafin mu fita gari Yaya ya fara kira, wai na haukace, in hawan jinin Baba ya tashi a hanya aka ɗage aikin, ni zan ɗauki alhaki. Na ce ya zo ya ɗaga shi daga bakin gado mana, tunda shi ne babba. Kira bakwai ya yi, a na takwas cajin wayar ya ƙare, na jefa ta kujerar baya. Saura agogon motar, ɗan ƙarami mai koren lamba a gefen sitiyari.

Mun ci mafi yawan hanya lafiya. Baba yana ta rera waƙar ƙasa-ƙasa, amma ina ganin yadda yake murza yatsunsa a gwiwa. Tsoro yake ji, ni ma haka. Sai ga tirela ta faɗi ta tare rabin titi, motoci sun yi layi, ana wucewa ɗaya bayan ɗaya. Minti ashirin muka ɓata a wurin. Muna kuɓuta kuma motar ta fara tururi ta gaba. Na tsaya, na zagi motar da wanda ya sayar da ita, na ɗauki jarka na tsallaka wani gidan mai neman ruwa. Na bar Baba shi kaɗai a ciki.

Da na dawo na zuba ruwan, na duba agogon motar. Shida saura minti goma sha biyar, ga rana ta yi ja ta sauko kan itatuwa. Baba ya tambaye ni ko hadari ne ya taso, don ya ga gari ya yi duhu. Babu ko ɗigon gajimare a sama. Na ce masa e, ɗan kaɗan ne, na taka mota.

Ban san yadda muka shiga garin ba. Na kuskure wata kwana, Baba ne ya gyara mini da ka, ya ce in na ji tayoyi sun hau tsohon layin dogo in yi dama. Sanda muka hau layin, koren lambar nan ta nuna shida da minti biyu. Na taka birki a tsakiyar titi, na kifa kai a sitiyari, hawaye suka zo mini.

"Baba, mun makara. Shida ta wuce."

"Ja mu je, Auta," in ji shi. "Da kika tafi ɗebo ruwa na laluba maɓallin na danna sau biyar. Ke kin taɓa ganin na zauna kusa da agogo na ƙyale shi?"

Wallahi ban san sanda na sa giya ba. Muna shan kwana na hango mai gadi ya janyo ƙofa ɗaya, kwaɗo a hannunsa. Na danna oda har sai da ya tsorata. Na fita ina haki na yi masa bayani a birkice, ya dubi Baba, ya dubi hular da ya sa a karkace don sauri, ya ce mu shiga.

Agogon yana nan a kan dogon ginshiƙinsa, tsakanin tarin buhunan siminti. Na kai Baba gabansa na ɗaga masa haɓa. Ya daɗe yana kallo, yana ƙifta idon, yana gogewa da hannun riga. Can ya ce yana ganin wani abu fari-fari, amma bai ga hannayen ba. Mun yi gudun nan duka, mun iso, kuma hasken bai jira mu ba.

Ya tambaye ni ƙarfe nawa ya nuna. Hannayen suna tsaye cik a kan tara da kwata, har tsuntsu ya yi sheƙa a samansa. Na buɗe baki zan yi masa ƙarya ta biyu, sai na ga ya manna kunnensa a jikin ginshiƙin. Ya ce kada in wahalar da kaina, ya ji shiru.

Akwai 'yar ƙofar ƙarfe a gindin ginshiƙin. Mai gadi ya ce shekara shida yana nan bai taɓa buɗe ta ba, amma ya kawo ƙarfen taya muka ɓalle ta. Na ce a kawo tocila, Baba ya ce wa za a haska wa? Ya durƙusa ya zura hannu cikin duhun har kafaɗa, ya rufe ido ma gaba ɗaya. Ya zaro mawanin daga ƙusar da ya ce shi ya kafa ta da hannunsa. Ya sa na ɗebo masa ɗan baƙin mai a jikin sandar gwada man mota, ya shafa a inda shi kaɗai ya sani. Ya wana, abin ya ƙi. Ya hure ƙura, ya taɓa wani wuri, ya sake wanawa. Ni dai ina tsaye na riƙe numfashi.

Sai muka ji ƙas, ƙas, ƙas.

Ya ce in ja baya in riƙa gaya masa inda hannayen suke, shi yana juyawa daga ciki. Mai gadi ya duba wayarsa ya ce shida da minti ashirin. Da dogon hannun ya iso wurin na ce ya tsaya, ya yi daidai. Bai tsaya ba, sai da ya kai ashirin da biyar.

Ya miƙe da kyar, ya goge hannayensa a gaban rigar da na goge masa don zuwa asibiti. Ya ɗaga su kusa da fuskarsa, ko da yake na san ba ya ganinsu.

"Ashe ba su manta ba," in ji shi. "Mu tafi, Auta. Gobe likita ya yi abin da zai yi."

Washegari ƙarfe bakwai saura minti biyar muna zaune a bencin asibiti, ba a ma buɗe ɗakin ba. Da aka kawo takardar, na kama yatsansa na ɗora a kan layin, ya sa hannu bai tambayi komai ba.