Hajiya Hansai, Ungozomar da Ba Ta Kori Mai Zubar da Jini Ba

Ranar Asabar, 16 ga watan Agusta 2025, ina gona a Kademi aka kira ni a waya aka ce Allah Ya karɓi ran Hajiya Hansai Tukur, tsohuwar ungozomar asibiti, a gidanta da ke Gaya, bayan doguwar jinyar ciwon ƙoda. Na Allah ne mu, kuma wurinSa makomarmu take.

Hajiya, ni da ke ba dangi ba ne. Lalura ce ta haɗa mu. Shekarun baya matata Naja'atu ta yi ɓari, jini ya ƙi tsayawa. Na sa ta a adaidaita sahu, muka fara zuwa wani ɗan asibitin kuɗi. Mai wurin ya tsare ni da tambaya: me ta sha, wa ya ba ta? Na rantse masa ba ta sha komai ba. Ya ce shi dai ba zai taɓa ta ba, kada gobe a ce ya zubar da ciki, hukuma ta rufe masa wuri.

Ko da muka iso inda kike aiki, idonta ya fara juyewa. Tambaya ɗaya kika yi mini: "Malam, tun yaushe jinin ke zuba?" Daga nan kika tura ni a gwada jinina, kika aika a kira likita, kika shige da ita. Kafin la'asar an yi mata wankin ciki, an ƙara mata jini, har ta nemi kunu.

Ba a daɗe ba wani ya kai ƙararki wurin 'yan sanda, wai kina zubar wa mata ciki. Na je na ba da shaida, kuma da kunnena na ji abin da kika gaya wa jami'in, ba tare da ɗaga murya ba: "Ranka ya daɗe, na san abin da doka ta hana. Amma ba ta ce in harɗe hannu ina kallon mace tana mutuwa ba." Aka sallame ki. Washegari kina bakin aiki.

Maganar ta bi ki gari. Akwai waɗanda suka daina gaishe ki. Ba ki sauya ba. Ko wadda da gaske ta sha wani abu aka kawo miki, sai kin tsayar da jinin tukuna, nasiha ta biyo baya, sirrinta kuma ya mutu a bakinki. Da kika yi ritaya, kin riƙa bin ƙauyukan Ajingi kina roƙon mata kada kunya ko tsoro su sa su ɓoye jini a ɗaka. Kullum kikan ambaci Zuliha, wadda aka yi ta yawo da ita wuri-wuri, ba a kawo miki ita ba sai da lokaci ya ƙure. Ba ki taɓa faɗin sunanta idonki a bushe ba.

Ranar sadakar uku, Naja'atu ta dawo tana ba ni labarin matan da suka cika gidanki, da yawa iyalanki ma ba su san su ba.

Ina miƙa ta'aziyya ga maigidanki Malam Tukur, da 'ya'yanki Muhammad Bashir da Ummu Salma. Allah Ya ba su haƙuri. Ya Allah, Ka gafarta wa Hansai, Ka haskaka kabarinta, Ka sa Aljanna Firdausi ce makomarta. Ta rufa wa bayinKa asiri a duniya. Ya Ubangiji, Ka rufa mata nata a ranar hisabi. Amin.

Da'u Maikuɗi, Kademi