Baba Sannu da Farantin Katafila

Ba don gaisuwa ake ce masa Baba Sannu ba. Aikinsa ne ba ya sauri. In ka kai masa ƙafar gado ta karye, sai ya juya ta, ya ƙwanƙwasa, ya kara a kunne, kai kana tsaye kana hamma. Amma abin da ya liƙa, sai dai ya karye a wani wurin.

Ɗan maƙeri ne. A gaban zugazugin mahaifinsa ya fara gane zafin ƙarfe daga launinsa. Da ya tasa sai ya shiga kamfanin gina hanyoyi, ya shekara talatin da ɗaya yana walda a ƙarƙashin manyan motoci. Da kamfanin ya rufe, ya dawo gida ya kafa rumfar kwano a jikin katangarsa, yana gyaran ƙofofi da baro da murhu. Idonsa na hagu ya yi rauni, gwiwa ma ta fara gardama. Matarsa kan ce, "Maigida, kai da injin waldarka ban san wa ya fi wani tari ba."

A shekarar da ya cika saba'in, ƙungiyar manoman bakin kogi ta tashi gina shingen ƙasa, domin ruwa ya cinye musu gonaki damina biyu a jere. Katafila ɗaya suke da ita, tsohuwa ƙwarai, fentinta duk ya koɗe. Mai tuƙa ta kuwa surukin Baba Sannu ne, mijin 'yarsa ta fari.

An ci rabin aiki, wata ranar Talata sai ga direban a bakin rumfa, ya durƙusa, hula a hannu.

"Baba, katafila ta tsaya. Babban farantin nan mai haƙora, wanda ke jan sarƙar da take tafiya a kai, shi ya tsage."

"Ya rabu biyu?"

"Bai rabu ba. Amma injiniyan ƙungiya ya ce ba ya gyaruwa, sabo kuma sai an aiko daga waje, wata uku."

Baba Sannu ya ɗaga kai ya dubi sama. Hadari ya riga ya fara taruwa a gabas da yamma-yamma. Ya ce, "Ɗauko mini akwatina."

A bakin kogi suka tarar an kwance sarƙa, an sauke farantin a kan katako. Faɗinsa ya kai ƙirjin mutum. Injiniyan mutum ne mai ladabi, ya gaida shi sannan ya ce, "Baba, ba raini ba, wannan zubabben ƙarfe ne. Kana sa masa wuta zai sake fashewa a gefen waldar."

"Gaskiyarka," in ji tsohon. "In an yi masa gaggawa."

Ya sa aka wanke farantin da kananzir, aka goge ya bushe, ya shafe shi da garin alli. Jim kaɗan man da ya maƙale a cikin tsagar ya fito ya zana baƙin layi a kan farin allin. Mutane suka yi salati. Tsagar da ido ke gani taki ɗaya ce, ashe ta zarce a ɓoye har kusa da ramin ƙusa. Ya huda ɗan rami a kowane ƙarshenta don kada ta ƙara gaba, ya gurje ta da inji ciki da waje har ta zama kwari mai sheƙi. A haka wunin ya ƙare, bai ko kunna injin walda ba. Wani manomi ya yi ƙasa da murya ya ce, "Kafin Baba ya gama, sai dai mu shuka kifi." Aka tuntsire da dariya, shi ma ya dara.

Washegari ya sa aka haƙa rami, aka juye buhun gawayi uku, aka hura wuta, aka ɗora farantin a kan wutar. Sa'a biyu yana zagayawa yana kallon yadda ƙarfen ke canza launi. Sannan ya rufe fuska ya fara. Ya yi walda tsawon ɗan yatsa, ya tsaya, ya bi ta da ƙaramar guduma, ya kankare dattin, ya koma ɗaya gefen. Zafin wuta a ƙasa, zafin rana a sama, gumi ya jiƙa rigarsa sharkaf.

Bayan azahar hannunsa ya fara rawa, sandar walda tana kaucewa daga kwarin. Ya san in ya bari ƙarfen ya huce a tsakiyar aiki, komai ya lalace. A rayuwarsa bai taɓa cewa wani ya tallafe shi ba, balle surukinsa, wanda ko haɗa ido ba sa yi. Amma ya dube shi ya ce, "Kai, matso ka riƙe mini gwiwar hannu. Ka juya fuskarka, kada hasken ya ci maka ido."

Direban ya durƙusa ya tallafe hannun da tafukansa biyu. A haka suka ƙarasa, sandar walda arba'in da bakwai.

Da aka gama, manoma suka yunƙura za su ɗauko farantin. Tsohon ya daka musu tsawa. Ya sa aka binne shi cikin toka da busasshen yashi, ya ce wanda ya tone kafin kwana biyu, shi da shi ne.

Ranar Asabar aka tono, aka sake shafa kananzir da alli. Allin ya tsaya fari fat. Aka mayar da faranti, aka ɗaure sarƙa. Direban ya tayar da inji, hayaƙi ya turnuƙe, katafila ta matsa a hankali. Ya dubi surukinsa daga sama.

"Kada ka lallaɓa ta!" Baba Sannu ya ɗaga murya. "Sa mata kaya! In za ta karye ta karye ina gani!"

Direban ya nitsa bakin katafilar cikin jar laka, ya turo tudu guda ya hau da shi gangaren, ya juya a kan gefen da aka gyara, ƙarfe na kuka. Ya yi haka sau goma. Injiniyan ya sunkuya ya bi waldar da yatsa, ya miƙe, ya cire hularsa ya kama hannun tsohon da hannu biyu. Manoma suka ɗauki sowa har tsuntsayen bakin kogi suka watse.

Kwana goma sha tara bayan haka aka rufe shingen. Ruwan farko mai ƙarfi ya zo, kogi ya cika ya daki ƙasar, ya bi hanyarsa. Baba Sannu bai je gani ba, gwiwa ta kwantar da shi mako guda. 'Yarsa ce ta zo ta zauna a bakin gado tana ba shi labarin yadda masara ta tsaya kore shar a bayan shingen. Ya saurara har ƙarshe, ya gyara filo, ya ce ta sake faɗa masa daga farko.