Yadda Na Gasa Ukulele Uku a Mota

Na daɗe ina juya wannan rubutu a raina, don karatuna bai wuce firamare ba, kuma ina gudun in faɗi abin da ba haka yake ba. Amma abin da idona ya gani ne, zan faɗe shi yadda ya faru.

Ina tsaron wani ɗan shagon kayan kiɗa a kasuwar Souq Waqif, a birnin Doha. Da gadi nake yi a bakin ƙofa cikin rana, kafin kafil ɗina, wato ubangidan da ya ɗauko ni aiki, ya dawo da ni inuwa. 'Yan Filifin da ke aiki a asibitoci suka dame mu da tambayar ukulele, wata 'yar ƙaramar jita mai tsirkiya huɗu, ba ta fi gurmi girma sosai ba. Kafil ya ba ni mota ya ce in je sito in zaɓo. Ya ƙara da cewa, “Idan suka kwanta a shago, ka koma gadi.”

Daga unguwarmu, Fereej Abdel Aziz

Ina idar da sallar asuba na ƙwanƙwasa wa maƙwabcina Bulus, mutumin Kagoro mai gyaran esi, na'urar sanyaya ɗaki. Shi ne ke kaɗa jita a taron addu'arsu. Ni ko riƙe ta ban iya ba.

“Malam Sabi'u, sito ba zai gudu ba fa,” in ji shi, yana saka takalmi.

“Oga Bulus, yalla, mu tafi. Rana ce za ta riga mu.”

Muka sha shayin karak da farata, wata gurasar Indiya, a tsaye, muka hau titin Salwa. A wani shataletale 'yan sanda suka tsayar da mu. Tun kafin a tambaya na miƙa katin zama da lasin da takardar mota. Ɗan sandan ya duba ɗaya kawai ya ce mu wuce. Bulus ya yi ta dariya har muka shiga Sana'iya, unguwar masana'antu, inda ƙurar manyan motoci ke hana ka ganin lambar layi.

A sito

Mai siton ɗan Indiya ne mai fara'a. Ya jera mana iri uku. Ta farko mai sheƙi, an zana mata bishiyar dabino, irin wadda kafil ya ce baƙi za su so. Ta biyu ta katako zalla, Bulus na taɓa ta ya lumshe ido. Ta uku ruwan ƙasa, ba ado, katakonta falle-falle aka manna.

Na tambaya da hanjin wace dabba aka yi tsirkiyar. Mai sito ya ce roba ce, irin ta kamun kifi. Hankalina ya kwanta a nan, ya tashi a wani wajen. Siton sanyi ƙalau, amma masu sayen nan bas mara esi suke hawa, wasu su bar kaya a mota su shiga aiki.

Na ce a ba ni ɗaya-ɗaya in kulle a mota mu je cin abinci.

“Malam, gasa su za ka yi?” in ji Bulus.

“Gara su gasu a hannuna da su gasu a hannun mai saye.”

Mai sito ya girgiza kai, ya ce kayansa ba sa tsoron rana, in ɗauka.

Na ajiye motar a tsakiyar fili, na ɗaga gilasai. Muka ci biriyani a wani ɗan gidan abinci, na yi azahar, muka ƙara shayi. Da muka buɗe mota sai da muka ja baya. Mai dabino, ɗan katakon da ke riƙe tsirkiyoyinta ya ɓalle, gam ya narke. Ta katako zalla ta yi siririyar tsaga a fuska. Mai ruwan ƙasa tsirkiyoyinta ne kawai suka saki. Bulus ya murɗa kunnuwanta, ta dawo da muryarta.

“Muryarta ba ta kai ta mai katako zalla ba,” ya ce.

“Amma tana da rai.”

Ita na ɗauka, ƙanana da yawa don ɗakunan mutanenmu ba fili, matsakaita kaɗan, da tsirkiyoyin canji. Mai sito ya ce biyun da suka lalace in tafi da su, shi ma ya koyi abu.

Komowa Souq Waqif

Bayan la'asar muka iso, wani dattijo mai baro ya kai mana kwalaye ta lungunan da ake kan gyara. Kafil ya buɗe kwali ya ɓata rai.

“Ina masu dabino, ya Sabi'u?”

Na miƙa masa ita, tsirkiyoyi na lilo. Ya juya ta, ya shinshina gam ɗin, ya dube ni.

“Khalas, shi ke nan. Rataye waɗannan.”

Na gode wa Allah da ya dawo da mu lafiya, na gode wa Bulus da ya ba ni ranar hutunsa. Yau ina nan a inuwa, masu ruwan ƙasa suna fita, ba wadda aka dawo da ita.

Sai dai biyun can suna ƙarƙashin gadona, kuma da gangan na lalata su, abin yana tsaya mini a rai. Idan a cikin masu karatu akwai wanda ya san mai haɗa gurmi ko garaya, don Allah ya tambayar mini wane irin gam ne ke jure zafi, ya aiko ta hannun edita. Ina so in ji sun sake yin magana.