Dutsen Ajiya da Zangarniyar da Na Sata

A gidanmu na Bukkuyum, irin shuka a ɗakin Kaka yake kwana. Bayan girbi Baba kan zaɓi zangarniyoyin gero mafi ƙiba, a rataye su saman murhunta don hayaƙi ya kore ƙwari. Ko tuwo ya gagara, ba a taɓa su.

Shekarar da damina ta yanke mana da wuri, ina ɗan shekara tara, yunwa ta sa na fara zarar zangarniya ɗaya-ɗaya ina gasawa a bayan rumbu. Na ɗauka ba wanda ya sani.

Wata rana bayan sallar magariba muka kewaye wutar Kaka, tana kaɗa auduga. Ta dube ni ta ce, "Matso nan, mijina marowaci, yau gatanar taka ta."

Ta ce a wata ƙasa can bayan faɗuwar rana akwai Dutsen Ajiya, wanda ba a hawansa da takalmi. Kowace kaka, kowane gida kan kai masa irinsa, dutsen ya buɗe ciki ya karɓa. Ba ya sake buɗewa sai ran da ruwan fari ya sauka, ya miƙa wa kowa nasa. Wata shekara yunwa ta ci ƙarfin wani mutum, ya hau ya roƙi dutsen ya ba shi nasa tun da rani. Dutsen ya ba shi, ya cinye. Da ruwa ya sauka kowa ya sauko da irinsa, shi kuwa ya tsaya hannu wofi.

Na ce, "Kaka, sai dutsen ya haɗiye shi?"

"Haɗiye mi? Dutsen ga ya san yunwa, jikana. Hwashewa yay yi da kuka, yab ɓanɓaro tsakuwa daga jikinai, tak koma gero, yab ba shi."

Ta ci gaba da kaɗa audugarta. Ni kuwa daga ranar ban sake kai hannu saman murhu ba.

Sai bayan rasuwarta, ina da iyalina, Inna ta faɗa mini sauran. Da lokacin shuka ya zo a waccan shekarar, irin da ya rage bai isa ba. Kaka ta ce wa Baba ɓeraye ne, ta kwashi tasoshin aurenta ta kai kasuwa ta musanya da gero. Tasoshin nan tun daga Gummi ta zo da su tana amarya, kuma su kaɗai suka rage mata na gidan ubanta.

Shekara da shekaru ina zaton tsoratar da ni ta yi niyyar yi a daren nan. Ashe gaya mini take ta riga ta yafe. Har yau abin yana sosa mini rai, don ban taɓa ce mata na gode ba.